Cikon Goma Sha Biyar

Shekara biyu Rakiyatu ta yi tana karatu a jami'ar da ba ta taɓa ganin ƙofarta ba. Jami'ar tana can arewa, bakin teku, tafiyar kwana uku a mota. Abin da ke Tamanrasset reshe ne, ɗaya daga cikin rassa shida da ta dasa a garuruwan Sahara: ɗakunan karatu huɗu, buro biyu na ma'aikata, da wata bishiya mai rowar inuwa, can bayan unguwar Tahaggart. Ɗalibai suna kiran babbar jami'ar ta arewa da sunan uwa, sunan kuwa ya dace da ita, don reshe ko tari ba ya yi sai da izininta. Tambayoyin jarrabawa daga can suke zuwa a ambulan liƙaƙƙe. Amsoshi a zuba su a jaka su koma can a duba. Malamai ma a jirgi suke sauka, kowa ya yi mako guda yana ɗura wa mutane karatun wata uku, ya sayi tsarabar azurfa ya koma. Akwai direkta, mutumin kirki mai kwat da fara'a, amma ko ranar share aji ka tambaye shi sai ya ce bari ya rubuta wa uwa. Jakar reshe kuma duk Laraba take tashi.

Ƙa'idar gidan ba ta da wuyar ganewa. Shekara biyun farko a reshe ake yin su. Ta uku, wadda ake ba da diplom a ƙarshenta, a gidan uwa ake yi, sai fa idan waɗanda suka sake rajista a reshe sun kai goma sha biyar. In sun kai, uwa ta turo malamai. In goma sha huɗu ne, ba ta ɓata kujerar jirgi a kansu, kowa ya haɗa kayansa ya nufi arewa ko ya zauna jiran baɗi.

Ajin su Rakiyatu, na ilimin doka, da mutum ashirin da shida ya fara. Aure ya ɗauki wasu, aikin soja ya ɗauki wasu, jarrabawa ta kwashi rabonta. Da aka kafe sakamako a allon sanarwa cikin Satumba, waɗanda suka ci shekara ta biyu goma sha biyar ne cif. Waɗanda suka zo suka cike takardar sake rajista kuwa goma sha huɗu.

Rakiyatu ta fi kowa shekaru a ajin, talatin da huɗu, kuma ta fi kowa bukatar a buɗe shi. Mahaifinta, marigayi Alhaji Baƙo, fatauci ya kawo shi daga Tasawa tun ba a haife ta ba, ya zauna har ya samu takardun ƙasa. Ita ta yi lekkol, wato boko, a nan, ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta yi aure, ta haifi uku. Shekara goma ke nan tana zaune da tebur da keken rubutu a wani ɗan shago kusa da kotu, tana rubuta wa mutane takardun koke, yawancinsu magina da 'yan kasuwa 'yan Nijar waɗanda Larabcinsu iyakarsa ciniki. Da diplom a hannu za ta iya zama jarrabawar akawun kotu, ta shiga ciki ta daina zaman bakin ƙofa. Zuwa arewa kuwa ba ya cikin lissafi. Ban da 'ya'ya, akwai mahaifiyarta Gwamma, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ba ta karɓar ko cokalin kunu sai daga hannun 'yarta.

Ta je wurin mai rajistar reshe, Si Mabruk, wani siririn mutumin In Salah mai magana kamar sayen kalmomi yake yi.

"Wa ya rage?" ta ce.

"Bahedi ag Musa. Na Tazrouk. Mahaifinsa ya rasu da bazara, ya koma lambu. An ce ya gama da karatu."

"In ya cike takardar, ko bai zo aji ba, za a ƙirga shi?"

Si Mabruk ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki. "Uwa takardu take ƙirgawa. Ban taɓa ganin ta zo ƙirga kawuna ba."

Ya zaro takardar rajista ɗaya wadda ba a cike ba, ya tura mata ta kan tebur, ya ci gaba da abin da yake yi. Da za ta fita ta tsaya gaban allo ta sake karanta sanarwar. Ranar rufe rajista Asabar ta ƙarshen wata, saura kwana bakwai.

Mijinta Tahiru mai shagon atamfa ne, mutum ne da ba ya hana abu kuma ba ya zumuɗi a kansa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Tazrouk? Kin san inda Tazrouk take kuwa? Cikin duwatsu ta hwa. Kuma mi za ki ce mai? Yaro ya rasa uba, ki tahi ki ce ya baro gona don ke?"

"Ban ce ya baro komi ba. Hannu kawai zai sa."

"To Inna hwa?"

"Kwana biyu ne. Ƙanwarka ta lallashe ta."

Tahiru ya yi tsaki, ya kuma rufe shago ranar Litinin ya raka ta. Suka samu wuri a wata Toyota mai kai garin alkama da tukwanen gas, suka wuni suna hawa da gangara a kan hanyar da ba ta san kwalta ba. Da la'asar suka isa Tazrouk, ƙauye mai sanyi a tsakanin duwatsu, ga itatuwan ɓaure da inabi, ga ruwa yana bin 'yan ƙananan magudanu daga lambu zuwa lambu. Mutanen gidan su Bahedi suka karɓe su kamar da ma jiran su ake. A can ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi, shi ma ba ya faɗa sai ya ci ya sha ya huta. Rakiyatu ta san wannan, ta haɗiye maganarta ranar farko, tana jin takardar a jakarta kamar garwashi.

Sai washegari bayan la'asar ta samu zama da Bahedi a bakin lambu, Tahiru yana gefe yana jiran shayi. Bahedi dogon saurayi ne mai shekara ashirin da huɗu, a aji ba a cika jin muryarsa ba. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ce, "Ni na bar wannan zancen. Ƙanne huɗu gare ni, lambu biyu, ruwa kuma sau ɗaya yake zagayowa kanmu a kwana shida. In ban tsaya ranar ba, shuka ta mutu."

"Ban zo in ce ka dawo ba," in ji Rakiyatu. "Sunanka na zo aro."

Ta bayyana masa yadda abin yake, ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce mutum goma sha huɗu ne, shida daga cikinsu ba za su iya zuwa arewa ba ko da an ba su jirgin kyauta, ita ce ta farkonsu. Bahedi ya zuba shayi na farko, ya zuba na biyu. Sai a na uku ya miƙo hannu ya karɓi biro.

"In sunana zai zaunar da mutum goma sha huɗu a aji," ya ce, "ai ya fi ni amfani."

Da so samu ne da a daren suka juya. Amma motar Tazrouk ba ta tashi don mutum biyu. Direba ya ce sai ya cika bayanta da ɓaure da tumatir, hakan kuwa bai samu ba sai asubar Alhamis. Suka shigo Tamanrasset bayan azahar, Rakiyatu ko gida ba ta biya ba ta wuce reshe. A wancan zamanin hutun mako Alhamis da Juma'a ne. Ta tarar da ƙofa a garƙame. Maigadi ya ce Si Mabruk ya tafi biki In Salah sai safiyar Asabar, direkta yana arewa wurin taro, jaka kuma ta tashi tun jiya.

A nan ne Rakiyatu ta yi amfani da abin da ta sani, kuma abin da ta sani ba kaɗan ba ne. Shekara goma a bakin kotu sun koya mata cewa takardar da aka ajiye a kan teburin buro barci take yi, wadda ke hannun mutum ita ke tafiya. Haka mahaifinta ya yi harkarsa har ya koma ga Allah, haka duk 'yan Nijar ɗin garin suke yi. Wasiƙa ce, ko magani, ko takardar dowan ta kwastam, ba wanda ke jefa ta a akwatin gidan waya. A nemi direban da aka sani mai zuwa Arlit ko Agadas, a danƙa masa hannu da hannu, a kira sunan ubansa. Ta lissafa: uwa ce ke ƙirga takardu, uwa ce ta sa ranar Asabar, jaka mai zuwa kuma sai Larabar gaba. Ke nan in ta jira Si Mabruk, takardar za ta isa arewa bayan an rufe da kwana huɗu. Lissafin ya zauna mata daram, ba ta ga inda zai zube ba.

Hannun da aka sani bai yi wuyar samu ba. Salifu, mai sayar da kayan gyaran mota, mutumin Maraɗi wanda ya ci tuwon gidan Alhaji Baƙo shekara bakwai kafin ya tsaya da ƙafarsa, zai bi jirgin Juma'a zuwa arewa sarin kaya.

"Wanga ai ƙaramin abu na, ɗiyar Alhaji," ya ce. "Ni da hannuna zan miƙa ta. In anka ce a dawo gobe, nan zan kwana bakin ƙohwa."

Salifu ya cika alkawari fiye da yadda aka nema. Ranar Asabar da hantsi ya bugo waya shagon Tahiru, yana ba da labari da jin daɗi: yadda ya ɗauki taksi, yadda jami'ar ta kai girman rabin Tamanrasset, yadda ya bi layi har taga, mai tagar ta karɓa ta duba ta buga hatimi a gabansa. Rakiyatu ta yi hamdala. Ranar ba ta leƙa reshe ba, ta zauna gida ta yi wa Gwamma wanka da kitso, don tsohuwar ta yi fushin kwana huɗun nan har ta ƙi cin abinci. 'Yan ajin ma ba ta gaya wa kowa ba. Tana so su gani a allo da idonsu, sannan a tambayi wanda ya yi wannan aiki. Ɗan alfahari ne, irin wanda ba wanda zai ga laifinsa.

Bayan kwana goma aka kafe sanarwa. Ba za a buɗe shekara ta uku ta ilimin doka a reshen Tamanrasset ba, saboda masu rajista goma sha huɗu ne.

Ta karanta sau uku, sannan ta shiga buro ba sallama. Si Mabruk bai yi mamakin ganin ta ba. Ya buɗe wani fayil ya juyo mata da takardar faks. Uwa ce take sanar da reshe cewa ɗalibi Bahedi ag Musa ya yi rajistar shekara ta uku a can, don haka a cire shi daga jerin reshe a tura dosiyensa, wato fayil ɗinsa, a jaka mai zuwa.

"Bahedi yana Tazrouk," ta ce. "Ni na karɓo takardar. Ni na aika a kai musu don kada ta makara."

Si Mabruk ya cire tabarau ya ajiye. Wannan karon bai yi rowar magana ba.

"Takarda ta inda aka fara buga mata hatimi ce. Wadda ta shigo ta tagata, ta reshe ce, ko shekara ta yi a hanya. Wadda aka miƙa a tagarsu, tasu ce. Duk ɗalibin reshe da ya kai takardarsa can da hannu, cewa yake yi ya koma can. Haka ake komawa, ba wata hanya."

"Amma Asabar aka rufe. Jaka ta tafi tun Laraba."

"Asabar ɗin tawa ce, madam. Ranar hatimina suke dubawa, ba ranar da jaka ta sauka ba. Sun san nisan da ke tsakaninmu." Ya mayar da tabarau. "Ranar ina nan tun ƙarfe takwas. Na bar layi ɗaya a ƙasan jerin ban ja shi ba sai ƙarfe huɗu. Na zaci ya ƙi sa hannu."

Rakiyatu ta nemi kujera ta zauna. Abin da ta ji ba fushi ba ne, don ba ta da wanda za ta yi wa. Kunya ce, mai nauyi, irin ta gwanin da ya yi kuskure a cikin sana'arsa. Ita da ke gaya wa mutane ƙofar da za su bi da takardunsu, ita ce ta ɗauki tata ta kai ƙofar da ba ita ba, ta kuma biya kuɗin taksi.

Direkta ya dawo, ya ji labari, ya tausaya ƙwarai, ya ce bari ya rubuta wa uwa. Ya rubuta kuwa, wasiƙa mai kyau shafi biyu. Amsa ta zo bayan mako uku, layi huɗu. Mayar da ɗalibi daga uwa zuwa reshe sai farkon shekara mai zuwa ake duba shi. Malaman shekara ta uku kuma an riga an raba su ga sauran rassa.

Kafin amsar ta zo, 'yan ajin sun taru ƙarƙashin bishiyar nan, kuma sun riga sun samu mai laifi. Labarin faks ya fita, kowa ya san Bahedi ya yi rajista a arewa. Aka ce munafuki ne, ya yi shiru-shiru ashe ta ciki na ciki. Aka ce ya zagaya ta bayansu ya nemar wa kansa gado a gidan ɗalibai ya bar su a rana. Wadda ta fi zafi Sadiya ce, 'yar shekara ashirin da ɗaya, wadda ta fi kowa maki a ajin, mahaifinta kuma ya riga ya ce ko In Salah ba za ta je ita kaɗai ba.

"Ko sallama bai yi mana ba," in ji Sadiya. "Shekara biyu ina ba shi littafina yana kwafa."

Rakiyatu tana zaune a gefen benci. Tazrouk da nisa, Bahedi ba zai ji ba, Si Mabruk kuma ba mai magana ba ne. Da ta yi shiru, da shi ke nan. Ta yi shirun na ɗan lokaci, har ta fara jin daɗinsa, sannan ta miƙe.

"Bahedi bai san komai ba. Ni na je har gidansu na roƙe shi ya sa hannu don a cika mu. Ni na aika da takardar arewa ta hannun mutum, ban kawo ta nan ba. Ni na rufe muku aji."

Ba wanda ya zage ta. Da ma sun yi, da ya fi mata sauƙi. Wani ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, wani ya duba agogo, taron ya watse da kaɗan-kaɗan. Sadiya ta dube ta, ta gyara mayafinta ta tafi. Cikin mako biyu mutum takwas suka bi jirgi da mota zuwa arewa. Shida suka rage. Ajin da ke bin bayansu mutum bakwai ne, wato baɗi goma sha uku ke nan, in ba wanda ya faɗi ko ya yi aure.

Tahiru bai ce ai na faɗa miki ba, don bai faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Ki yi hanƙuri. Da ni ne, haka zan yi." Gaskiya ya faɗa, kuma ba ta rage mata komai ba.

A farkon Nuwamba tana zaune a teburinta kusa da kotu, mutum uku suna jira a benci, sai ga Bahedi da buhu a kafaɗa. Ya sauke shi a gefen tebur, busasshen ɓaure ne. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Tahiru, ya tambayi mai jiki. Sannan ya zaro ambulan daga aljihu.

Wasiƙa ce daga uwa, ta bi ta reshe, ta bi motar gari har Tazrouk. An ba shi gado a gidan ɗalibai, da katin cin abinci, da rangwamen kuɗin jirgi saboda shi ɗan kudu ne. Ya ce da farko ya ajiye ta a ƙarƙashin tabarma. Amma kawunsa ya gani, ya sa aka karanta masa, ya tara dangi. Suka ce abin da ya biyo mutum har cikin lambu bai nema ba, ba a mayar da shi. Ɗan kawun zai riƙe ruwa da awaki shekara guda.

"Ban san yadda kika yi ba," ya ce. "Na zo in yi godiya. Sauran fa? An buɗe ajin?"

"Ba a buɗe ba."

Ya dube ta yana jiran bayani. Ta ga bai san komai ba, ta kuma ga in ta faɗa masa zai iya mayar da wasiƙar ƙarƙashin tabarma don kunya. Hassada ta taso mata, ba ta yi musun ta ba, ta bar ta ta koma da kanta.

"Ba mu cika ba," ta ce. "Ba laifinka ba ne. Me suke nema yanzu?"

Suna neman takardar karɓar gado, bugaggiya da keken rubutu, kafin tsakiyar wata. Shi ya sa ma ya biyo ta nan, don bai san wani mai bugawa ba. Rakiyatu ta zura farar takarda a keke, ta daidaita gefenta, ta tambaye shi ranar haihuwarsa da lambar rajista. Ta buga ta tsaf ba kuskure ko ɗaya, ta zare ta miƙa masa ya sa hannu. Ya laluba aljihu zai biya, ta girgiza kai.

"In kai wa Si Mabruk ya sa a jaka?" ya ce.

"A'a. Wannan ka kai ta da hannunka. Kai nasu ne yanzu."

Ya ninke takardar ya sa a ambulan, ya yi sallama ya fita. Ta bi shi da ido har ya sha kwanar kotu. Sannan ta tura buhun ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta dubi benci, ta ce wa maginin da ke gaba ya matso ya faɗi abin da ke tafe da shi.